Ciwon Mara Lokacin Al'ada



Zan yi magana kan ciwon marar da ke hana 'yan matanmu na Dogon Daji zuwa makaranta duk wata. Wani sa'in endometiriyosis ne, wato nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa.

A gida, a gasa mara da tawul mai ɗumi, a sha ibuprofen bayan cin abinci, banda mai gyambon ciki. Wannan sauƙi ne kawai. In ciwon yana kwantar da yarinya, kada mu ce aure zai warkar da ita. Mu kai ta wajen likitan mata a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, domin cutar tana iya hana haihuwa.