Amsoshin Takardunku: Ma'ajiyar Kowa-da-Kowa a Cikin Manhaja

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce yana rubuta manhajar lissafin kanti da harshen Java, ya kasa ta aji-aji: ajin kaya, ajin ciniki, da ajin rasit. Tambayarsa ita ce, yaya zai ajiye jimlar kuɗin ciniki wuri guda, yadda kowane aji zai iya gani, ya kuma canja?

To malam, bari mu fara yi wa sauran masu sauraro bayani. Ma'ajiya wani gurbi ne mai suna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ake ajiye lamba ko rubutu. Aji kuwa ɓangare ne na manhaja mai aikinsa daban. Abin da kake nema shi ne ma'ajiyar kowa-da-kowa. A Java, in ka sa wa ma'ajiya kalmomin public da static, shi ke nan, kowane aji zai kai gare ta.

Amma fa a yi hattara. Irin wannan ma'ajiya kamar randar ƙofar gida ce, ranar da ruwa ya gurɓace ba a san wanda ya tsoma hannu ba. A ce akwai Naira 5,000 a lissafi, masu sayarwa biyu suka yi ciniki lokaci guda, ɗaya 1,000, ɗaya 2,000. Kowa ya karanta 5,000. Wannan ya rubuta 6,000, wancan ya zo ya rubuta 7,000 a kai. Alhali 8,000 ne daidai. Ka ga dubu guda ta salwanta ba ɓarawo.

Tun a 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Wulf da Mary Shaw, suka yi rubutu suna gargaɗi kan wannan. Abin har rayuka ya taɓa ci. Tsakanin 1985 da 1987, injin gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ya yi wa aƙalla majinyata 6 gashin da ya wuce kima a Amurka da Kanada, wasu suka rasu. Cikin dalilan akwai ma'ajiyoyin da ɓangarorin manhajarsa ke tarayya a kansu: in ma'aikaci ya gyara umarni da sauri, wani ɓangaren ba ya ganin gyaran.

Saboda haka ga shawararmu. Abin da ba ya canjawa, kamar sunan kanti, ka bar shi a fili, ka ƙara masa kalmar final don kada a taɓa shi. Kuɗi kuwa ka yi musu uwar adashi, wato aji guda mai riƙe da su a ɓoye da kalmar private. Duk mai zubi ko ɗauka sai ta hannunta, ita za ta hana a cire fiye da abin da ke akwai. Ka sa wa hanyoyin zubi da ɗauka kalmar synchronized, don a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka miƙa ta ga ajin da ke bukatarta kaɗai lokacin ƙirƙirarsa. Ranar da lissafi ya rikice, wuri guda za ka duba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.