AWON CIKI BA NA MATA KAƊAI BA NE, IN JI WANI ƊAN'UWA LIKITA

Wannan shi ne bayanin da wani ɗan'uwa likita, wanda ya daɗe yana aiki a ɓangaren mata da haihuwa, ya gabatar ga taron matasa bayan sallar La'asar, galibinsu angwaye da masu shirin aure. An ɗan taƙaita shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S.A.W.), likitan ya soma da tambayar masu auren da ke wurin ko akwai wanda ya taɓa buɗe katin awon matarsa ya duba abin da aka rubuta a ciki. Hannuwan da suka tashi ba su kai biyar ba. Ya ce bai yi mamaki ba, domin a wurin da yawa daga cikinmu awo wani sha'ani ne na mata, namu kawai mu ba da kuɗin mota, wani lokacin ma sai an yi ta naci. Alhali, in ji shi, mijin ne ke ba da izinin fita, shi ne ke da kuɗin, kuma shi za a tasa da tsakar dare in al'amari ya rikice.

Ya ce ƙiyasin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. In aka raba, ya haura mace 200 a kowace rana ta Allah. Ba wanda ke musun ajali, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma akasarin abubuwan da ke kashe mai ciki ba sa yin sallama kafin su shigo. Hawan jini ba ya ciwo da farko. Ƙarancin jini a hankali yake cin mace tana daka tana wanki. Ɗa yana iya gicciyewa ba wanda ya sani sai ranar naƙuda. Saboda haka masu cewa ai lafiyarta ƙalau me za ta je yi asibiti ba su fahimci abin ba, domin don mai lafiya aka yi awo.

Daga nan sai ya shiga maganar lokacin farawa. Ya ce tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa aƙalla sau takwas: na farko cikin sati 12 na farkon ciki, sannan a sati na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Amma a nan wurinmu sai ciki ya kai wata shida ko bakwai, ya fito ba halin ɓoyewa, sannan a je a yanki kati. Musamman cikin fari, amarya na jin kunyar uwar miji, wata kuma tsoron baki take yi. Ya ce ba a ce a yi shela a unguwa ba, amma ma'aikaciyar asibiti ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa.

Ranar farko ita ce mafi tsawo, don haka a yi sammako, kuma a bar ta ta karya kafin ta fita. Tambayar farko da za a yi mata ita ce ranar da ta fara ganin jinin al'adarta na ƙarshe, domin daga ranar ake ƙirga kwana 280, wato sati 40, a fitar da ranar da ake sa ran haihuwa. A nan ya roƙi 'yan'uwa, tunda galibi sun yi makaranta, su riƙa rubuta wannan rana ko a jikin kalanda ne, don sau da yawa amsar da ake samu ita ce wajen bayan Sallah. Za a kuma tambaye ta haihuwa nawa ta yi, ko ta taɓa ɓari, ko an taɓa yi mata tiyata, ko ta taɓa zubar da jini mai yawa, ko akwai hawan jini ko ciwon suga ko tagwaye a danginsu. Wasu matan kan tsallake ɗan fari saboda alkunya, wasu ba sa lissafa waɗanda suka koma. Ya ce a gaya musu su faɗi komai, don abin da ya faru a wancan cikin shi ne yake nuna abin da za a sa wa ido a wannan.

Sai kuma ɗibar jini, wanda a nan ne ake yawan samun ƙorafi cewa an zuƙe mata jini. Ya ce abin da ake ɗiba bai wuce cikin cokali ɗaya ko biyu ba. Da shi ake duba yawan jinin, abin da za a ga an rubuta PCV a kati, in ya yi ƙasa da 33 to jinin ya soma ƙaranci. Ana duba rukunin jini, ko A ne ko B ko AB ko O, tare da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabansa. Wannan alamar ba ado ba ce. In matar mai alamar ɗebewa ce, mijin kuma mai ta tarawa, jikinta na iya ƙirƙirar abin da zai riƙa yaƙar jinin 'ya'yan da za su biyo baya, a yi ta ɓari ko haihuwar jarirai masu shawara mai tsanani. Akwai allurar da ke hana wannan, ana yin ta wajen sati na 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa. Ya ce wasu daga cikin matan da ake cewa suna wabi wannan ce matsalarsu.

Ana kuma gwajin sikila, da na ƙanjamau, da tunjere, da ciwon hanta. Ya ce waɗannan ukun na ƙarshe uwa na iya ba ɗanta, kuma dukkansu akwai matakin da ake ɗauka a kare jaririn in an gano da wuri. Ba zargi ba ne ga kowa, duk wadda ta zo ana yi mata. In kuma aka ce mijin ya zo a gwada shi, to ya je, domin ba amfani a yi wa mace magani ta koma gida ta sake ɗauka.

Bayan wannan rana sauran zuwan gajeru ne, kuma kusan abu ɗaya ake maimaitawa: a hau sikeli, a auna jini a damtse, a gwada fitsari, a duba ido da tafin hannu, sannan ta kwanta a duba cikin. Ana sa tef, irin na tela, a auna tsawon mahaifa. A sati na 20 takan kai cibiya, daga wajen sati na 24 kuma tsawon a santimita kan yi kusan daidai da yawan satin cikin. In ya yi ƙasa sosai ana tunanin ɗan ba ya girma, in ya zarce ana tunanin tagwaye ko yawan ruwa. Sai a kara ɗan ƙaho ko na'ura a saurari zuciyar ɗan, wadda ke bugawa sau 110 zuwa 160 a minti. Hoton ciki, wato sikanin, ana so a yi aƙalla sau ɗaya kafin sati na 24, don a tabbatar da kwanakin cikin, a ga ko ɗaya ne ko biyu, a ga inda mabiyiya ta kwanta. Ya yi raha cewa mu maza tambayarmu ɗaya ce in an dawo daga sikanin, mace ce ko namiji, alhali wannan ne mafi ƙarancin muhimmanci a takardar.

Inda likitan ya fi daɗewa shi ne kan awon jini na damtse. Ya ce lamba biyu ake rubutawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, an shiga hawan jini. In hakan ta faru bayan sati na 20, aka kuma ga furotin a fitsari, to ita ce hanyar da ke kaiwa ga jijjiga, abin da iyayenmu ke kira taune-taune. Kuma masu cikin fari, irin matan da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wurin, suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa.

Ya ba da labarin wata yarinya da aka kawo musu gab da Asuba, cikin fari wata takwas, ba ta taɓa zuwa awo ba. Kwana uku tana kukan ciwon kai, fuska ta kumbura, aka ce ai ƙiba ce ta masu ciki. Da ta fara jijjiga da Magariba sai aka ce iska ce, aka kama turare da tofi. Da abin ya ƙi, wata maƙwabciya ta ce a tafi asibiti, sai aka ce mijin ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, ba kuma mai iya fitar da matar mutum ba da izininsa ba. Kafin a samu wansa, a samu mota, ta yi jijjiga ba adadi. An samu an ceto ta, amma ɗan ya riga ya koma. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne awon da zai nuna wannan tun makonni kafin nan bai kai minti biyu ba, kuma allurar da ke tsayar da jijjiga ba wata mai tsada ba ce. Wurin ya yi tsit.

Saboda haka ya nemi kowane ɗan'uwa, in ya koma gida yau, ya tara matarsa da mahaifiyarsa ko duk wani babba da ke gidan, ya faɗa da bakinsa cewa ya ba da izini tun yanzu, ko yana nan ko ba ya nan, dare ko rana, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a wuce asibiti: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki mai tsanani, fashewar faya kafin lokaci, raguwar motsin ɗa, ko jijjiga. Addu'a kuwa, ya ce, ana iya yin ta a cikin mota.

Game da magungunan da ake bayarwa, ya ce ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha har a haihu. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada a kora ta da shayi, don yana rage shigarta jiki. Maganar da ake yaɗawa cewa tana sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita ba ta da tushe. Abin da ake tsoro shi ne mace ta shiga naƙuda da ɗan jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita ta tafi da ita. Akwai Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, ana farawa daga sati na 13, da tazarar aƙalla wata ɗaya, ana so a samu sau uku ko fiye. Gidan sauron da aka ba ta kuma a ɗaura shi a kan gado, ba a kai shi lambu ba. Sai allurar tetanus, ciwon nan da ke shiga ta cibiya ya sandarar da jariri ya kasa kama nono. Ana yin ta farko, a yi ta biyu bayan sati huɗu, in mace ta cika biyar ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta. Duk wani jiƙo ko maganin zaƙi da aka kawo daga gida, ya ce a nuna wa ma'aikatan kafin a sha.

Daga sati na 36 ake tabbatar da ko kan ɗan ya juyo ƙasa, a nan ne kuma za a faɗa mata ko haihuwarta ta ƙaramin asibiti ce ko sai babba. Waɗanda matansu za su tafi goyon ciki gidan iyaye su tabbatar katin ya bi su, an kuma ci gaba da awon a can. A ajiye 'yan kuɗi gefe, a yi magana da mai mota tun da wuri, a san mutum biyu da za su iya ba da jini. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a zauna da ita a ɗaki. Ya ce duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, ya ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa yara mata.

A lokacin tambayoyi wani ɗan'uwa ya ce abin da ke hana shi barin matarsa ta je shi ne gudun kada namiji ya duba ta. Likitan ya ce ya fahimci wannan kishi, amma a mafi yawan wurare nas-nas da ungozomomi mata ne ke yin awo, kuma mutum na da damar ya tambaya tun kafin a yanki kati, ya zaɓi inda mata suke. Halin larura kuwa hukuncinsa sananne ne a wurin malamai. Ya ƙara da cewa mai wannan kishin ya kamata ya zama na farko wajen barin ƙanwarsa ko 'yarsa ta karanci aikin ungozoma.

Wani kuma ya yi kukan cewa ma'aikatan na da tsawa da wulaƙanci, har matarsa ta ce ba za ta koma ba. Likitan bai musa ba. Ya ce akwai masu hali irin wannan, ga layi, ga ma'aikata kaɗan, amma ya lura macen da mijinta ya rako ta, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambaya cikin ladabi, ba a cika yi mata haka ba. In abin ya ci tura a canja wurin awon, kada a daina.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta azumi. Ya ce hukuncin shan azumi ga mai ciki a koma ga malamai, shi abin da zai iya faɗa shi ne wadda aka samu da ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko mai ɗauke da tagwaye, ta gaya wa mai duba ta kafin watan ya kama, a duba katinta a ba ta shawara. Daga nan aka ɗaga sauran tambayoyin zuwa wani zama saboda gabatowar Magariba, aka rufe da addu'a.