Tsakanin Yaƙini da Zato: Yadda Ake Yanke Shawara a Fadamar Rima

Mafi yawan shawarwarin da rayuwar mutum ta rataya a kansu ana yanke su ne tun gaskiyar al'amari ba ta gama bayyana ba, domin lokacin aiki yakan riga lokacin sani isowa, kuma wanda ya ce ba zai motsa ba sai ya tabbatar, ya riga ya zaɓi zama, shi kuwa zama zaɓi ne mai nasa sakamakon. A Jihar Kebbi babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar fadamar da ta miƙe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, inda manomi ke zuba irin shinkafa a watan Yuni alhali abin da zai yanke wa gonarsa hukunci, wato tsayin ambaliyar ƙarshen Agusta da Satumba, ruwa ne da ko sauka bai yi ba tukuna a ƙasashen Katsina da Zamfara da Maraɗi. Abin da wannan lacca za ta bincika shi ne ma'aunin da ya kamata mai hankali ya yi aiki da shi a irin wannan hali.

Wajibi ne a fara da tantance kalmomi, saboda Bahaushe yakan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma mai sauraro zai iya ɗauka cewa duk wani aiki da zato abin zargi ne. Zaton da karin maganar ke nufi shi ne munana wa mutum zato ba da hujja ba. Malaman usulu kuwa sun kasa sanin ɗan Adam hawa huɗu: yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, zanni, wato zaton da ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya saboda alamu, shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sai wahami, wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Sun kuma tabbatar da cewa yawancin hukunce-hukuncen aikin yau da kullum a kan zato mai rinjaye aka gina su, domin alƙalin da ya karɓi shaidar adilai biyu bai ga abin da ya faru da idonsa ba, haka matafiyin da alƙibla ta ɓace masa a daji yakan duba rana ko taurari ya yi ijtihadi, wato iyakar ƙoƙarinsa na gano daidai, ya yi sallarsa ba tare da ya jira tabbacin da ba zai samu ba.

Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka wallafa a ƙarni na 10 kuma har yau ake karantawa a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi, ya kawo hukunci uku a kan shakka waɗanda idan aka jera su wuri ɗaya sukan ba da mamaki. Wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, zai yi gini a kan ukun da ya tabbatar, ya kawo ta huɗu, ya yi sujadar ba'adi. Wanda ya tabbatar ya yi alwala amma yana shakkar ko ta warware, a mazhabar Malikiyya sai ya sake ta, ko da yake wasu mazhabobin sun ce alwalarsa tana nan. Wanda kuma shakka ta aure shi har ta zame masa ciwo, an umarce shi ya yi watsi da ita ya ci gaba. Shakkar iri ɗaya ce a duka ukun, amma hukuncin ya bambanta. Malamai sun yi bayanin cewa salla nauyi ce da ta hau kan mutum da yaƙini, don haka ba ta sauka sai da yaƙini; wanda ya ƙara duba kuma zai ga cewa ana auna abin da kuskure zai jawo. Sake alwala buta ɗaya ce ta ruwa, ɓacin salla kuwa babban abu ne, shi ya sa aka ɗauki hanyar kariya. Amma ga mai yawan waswasi kariyar ce kanta ta zama cuta, sai aka ɗauke masa ita. Ma'aunin ke nan da ake nema: tare da tambayar wane ɓangare ya fi rinjaye, akwai tambayar me za a rasa idan an kuskure, da kuma ko kuskuren mai gyaruwa ne.

Manoman fadama sun daɗe suna aiki da wannan ma'auni ba tare da sun kira sunansa ba. Gulbin Rima yana tattaro ruwansa daga Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara, kuma duk shekara yakan malala a fadama gwargwadon daminar da aka yi a can sama. Magidanci na dā ba ya zuba ƙarfinsa duka a wuri ɗaya. Yana da gero da dawa da wake a tudu, yana da shinkafa a fadama, a fadamar ma yakan raba tsakanin kwari mai zurfi da gefen da ruwa ke taɓawa sama-sama, ta yadda shekarar da ruwa ya yi yawa tudu ya rufa asiri, shekarar fari kuma kwari ya fitar da gida kunya. Shinkafar gargajiya mai jan ƙwaya, wadda asalinta na Afirka ta Yamma ne, tana da irin da karansa ke ƙara tsawo yayin da ruwa ke hawa, muddin hawan bai yi gaggawa ba. Amfaninta bai kai na irin zamani ba, amma ba kasafai take tashi a tutar babu ba. Hatta binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, caca ce da aka auna ta: idan ruwa ya sauka an riga kowa, idan ya yi yayyafi ya ɗauke, abin da ya salwanta 'yan tiyoyin iri ne da aikin kwana biyu, sai a sake shuka. Bayan wannan duka akwai su a gulbi, akwai tumaki da awaki a gida, akwai cin rani. Tsari ne da ya yarda da ƙaramar riba domin ya kauce wa asarar da ba a tashi bayanta.

Madatsun ruwa sun sauya lissafin. An kammala ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, kuma binciken da masanin labarin ƙasa William Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa bayan Bakolori ambaliyar da ke isa fadamun ƙasa da ita ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a ƙauyukan da suka dogara da ita. Abin da ya fi shafar wannan lacca shi ne cewa rashin tabbas ya rabu gida biyu. Akwai wanda gaibu ne ga kowa, kamar yawan ruwan da zai sauka a Agusta. Akwai kuma wanda gaibu ne ga manomi kawai, kamar ranar da za a buɗe ƙofofin madatsa da yawan ruwan da za a saki, domin wannan shawara ce da mutane ke yankewa a ofis, kuma ruwan yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso Argungu. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta biyo bayan cikar Goronyo ta shafe ƙauyuka da gonaki a Sakkwato da Kebbi, ta nuna tsadar wannan bambanci. Nau'in farko haƙuri da shiri yake bukata. Na biyu kuwa sanarwa ce maganinsa, kuma kuskure ne a cusa shi cikin abubuwan da ake cewa sai Allah, alhali akwai wanda ke riƙe da labarin.

Masanin tattalin arziki na Amurka Frank Knight ya bambanta a 1921 tsakanin haɗarin da ake iya ƙididdigewa, kamar yadda kamfanin inshora ke ƙiyasta gobara daga tarihin shekaru, da rashin tabbas na ainihi wanda babu ƙididdigar da za ta kama shi. Hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da hasashen ambaliya na hukumar kula da al'amuran ruwa, ƙoƙari ne na mayar da wani yanki na nau'i na biyu zuwa na farko. A ma'aunin malaman usulu hasashe zanni ne, kuma matsalar takan taso ne daga yadda ake karɓarsa: wani ya ɗauke shi yaƙini, idan ya saɓa sau ɗaya ya ce duk ƙarya ce, wani kuma tun farko ya ajiye shi a matsayin duba. Hasashen da ya ce ambaliya ta fi yiwuwa bai zama ƙarya ba don shekarar ta wuce lafiya, kamar yadda likitan da ya ce a yi rigakafi bai yi ƙarya ba don yaron bai kamu ba.

A ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, a nan Kebbi, inda aka riƙa ba manomi iri da taki da magani bashi ya biya bayan girbi. Yarjejeniyar shinkafar Lake tsakanin Kebbi da Legas ta biyo baya a 2016, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Babu mai musun cewa kuɗi ya shigo fadama, matasa da ma'aikatan gwamnati sun koma gona. Sai dai irin zamani kamar FARO 44, mai nuna cikin kwana ɗari da 'yan kai, gajere ne, yana son ruwa daidai gwargwado, kuma idan ambaliya ta shanye shi kwanaki da yawa ya tafi ke nan. Da ruwa ya zo a ƙarshen Agusta da Satumban 2020 ya haɗiye ɗaruruwan dubban kadada na shinkafa a jihar ana dab da girbi, wanda ya yi noma da guminsa ya rasa amfanin shekara ɗaya, wanda ya yi da bashi kuwa ya rasa na bana ya kuma jinginar da na baɗi. Yiwuwar ambaliya ɗaya ce a kansu su biyun. Zurfin ramin da kowannensu ya faɗa ne ya bambanta. Fiƙihu ya san wannan ƙofa, domin ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ko abin sayarwar zai samu ba, kuma misalin da malamai suka fi bugawa, sayar da kifi tun yana cikin ruwa, ba ya bukatar sharhi a Argungu, garin da dubban masunta ke afkawa ruwan Matan Fada da gora da homa, kowa da fatan giwan ruwa, kaɗan ne kuma ke fitowa da ita. Amma fiƙihun ya halatta salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya, da sharaɗin a fayyace mudu da siffa da lokaci. Ba a hana shiga haɗari gaba ɗaya ba. An dai hana wanda ba a yi masa iyaka ba.

Noman rani shi ne amsar da manoman da kansu suka fi amincewa da ita, tun daga shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa. A rani babu ambaliya, ruwa yana hannun mai gona. Sai ga shi cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka farashin fetur kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, aka gane cewa rashin tabbas ƙaura kawai ya yi daga gulbi zuwa gidan mai, har masu hali suka fara komawa injin mai aiki da hasken rana.

A nan ne ake yawan kawo maganar tawakkali, wani lokaci domin a rufe bakin mai tambaya. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ruwaito yadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, a kan hanyarsa ta zuwa Sham wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya samu labarin annoba a wani wuri da ake kira Sargu. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansaru suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa suka ce a koma, sai ya yanke komawa. Da Abu Ubaida ya nuna cewa wannan gudun ƙaddara ne, Umar ya amsa da misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, wanda duk inda ya kora raƙumansa cikin ƙaddara yake. Abin lura shi ne Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ke da hadisin da ya warware matsalar, bai iso ba sai bayan an yanke shawarar. Halifa bai tsayar da tawaga yana jiran yaƙini ba, bai kuma kutsa cikin annoba da sunan dogaro ba. Ya tattara ra'ayoyi, ya auna cewa komawa Madina ana iya gyara ta da wata tafiyar, mutuwar sahabbai kuwa ba a gyara ta.

Saura kuskure ɗaya da jama'a ke yi bayan komai ya wuce, wato auna shawara da sakamakonta kaɗai. Manomin da ya zuba bashi duka a kwari, shekarar ta zo da sauƙi ya cika rumbu, akan yaba masa da hangen nesa, maƙwabcinsa da ya raba gonarsa kuma a ce masa matsoraci. Shekara mai zuwa sai yabon da zargin su yi musayar gida, alhali babu wanda hankalinsa ya ƙaru ko ya ragu. Adalci shi ne a tambayi abin da mutum ya sani ranar da ya yanke, da wanda zai iya sani da ya tambaya, da abin da ya ajiye domin ranar da zatonsa zai saɓa. Wannan tambaya ta hau kan hukuma fiye da yadda ta hau kan manomi, saboda ita ce ke riƙe da ma'aunin ruwan Goronyo da Bakolori. Sanarwar da za ta amfani mutumin Argungu ita ce wadda za ta fito da Hausa a rediyo, ta bi ta hannun hakimai da dagatai da Sarkin Ruwa, ta faɗi ranar da aka saki ruwa, da kwanakin da ake zaton zai ɗauka kafin ya iso, da kuma ƙarfin zaton, ko mai rinjaye ne ko shakka ce kawai, domin mai shinkafar da ta fara ja ya san ko ya kira 'yan yanka gobe da asuba ko ya ƙara mata mako guda.