Gani Ya Kori Ji? Darasi Daga Zaɓen Shugaban Amurka Na 2008

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma gaskiyarsa ne a zamanin da mutum ke gani da idonsa a kasuwa ko a gona. Amma a yau galibin abin da muke kira gani, wani ne ya ɗauko shi da kyamara, ya yanke abin da ya ga dama, ya rubuta bayani a ƙasa, sannan ya miƙo mana. To, a kan wannan nake son mu tattauna, kuma zan ɗauki misali daga yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka, domin can ne wannan sana'a ta fi ƙwarewa.

Tun a watan Satumba na 1960, lokacin da John Kennedy da Richard Nixon suka yi muhawara ta farko a talabijin a birnin Chicago, 'yan siyasar ƙasar suka gane cewa kamanni na iya rinjayar magana. Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya bayyana a rame yana gumi, abokin hamayyarsa kuwa a natse. Har yau abin da aka fi tunawa da muhawarar shi ne fuskokinsu. A 1988 kuma, Michael Dukakis ya hau tankar yaƙi a jihar Michigan da hular soja a kansa don a ce jarumi ne, sai hoton ya zama abin dariya, ɓangaren George Bush ya mayar da shi talla a kansa.

Amma zaɓen da ya fi shafarmu shi ne na 2008, tsakanin Barack Obama da John McCain, domin a cikinsa aka mayar da kamannin Musulmi makamin ɓata ɗan takara. Obama Kirista ne, an haife shi a Hawaii a 1961, mahaifinsa ɗan Kenya ne, sunansa na tsakiya Hussein, kuma ya zauna a Indonesiya yana yaro daga 1967 zuwa 1971. Da waɗannan 'yan abubuwa aka gina katafariyar jita-jita.

A watan Janairu na 2007 wata mujalla mai suna Insight ta buga cewa Obama ya yi karatu a makarantar masu tsattsauran ra'ayi a Jakarta, tashar Fox News ta ɗauka ta yayata. Da tashar CNN ta tura wakilinta ya je da ƙafarsa, sai ya tarar makarantar gwamnati ce ta kowa da kowa, maza da mata, Musulmi da Kirista. An ƙaryata labarin, amma ya riga ya shiga kunnuwa.

A watan Fabrairu na 2008 shafin Drudge Report ya fito da hoton Obama sanye da farin rawani da mayafi irin na dattawan Somaliyawa. Asalin hoton, a 2006 aka ɗauke shi a garin Wajir na arewa maso gabashin Kenya, inda mutanen gari suka karrama baƙonsu da tufafinsu, kamar yadda aka saba yi wa kowane babban baƙo. Hoton gaskiya ne, babu wanda ya ƙara masa komai. Lokacin da aka zaɓa aka sake shi, ana tsakiyar fafatawar fid da gwani, shi ya mayar da kyautar girmamawa ta koma tuhuma. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: ana iya yaudarar mutum da hoton gaskiya, in aka raba shi da wurinsa da lokacinsa.

A watan Yuli na shekarar, mujallar New Yorker ta zana Obama a bangonta da rawani a ofishin shugaban ƙasa, matarsa rataye da bindiga, hoton Usama bin Ladan a jikin garu, tutar Amurka na ci da wuta a murhu. Masu mujallar suka ce ba'a suke yi wa masu yaɗa jita-jitar. Ko da mun yarda da niyyarsu, wanda ya wuce ta gaban mai sayar da jarida zanen kawai ya gani, bai karanta niyya ba. Shi ya sa ɓangaren Obama da na McCain duka suka yi tir da shi.

Tsoron kyamara ya kai har cikin gidan Obama kansa. A watan Yuni, a wani gangami a Detroit, masu taya shi aiki suka hana wasu mata biyu Musulmi masu lulluɓi zama a bayan mumbari, don kada a gan su tare da shi a hoto. Daga baya ya buga musu waya ya ba su haƙuri. A watan Oktoba kuma, a jihar Minnesota, wata mata ta ce wa McCain ba ta amince da Obama ba domin Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo a kan ƙin bin ƙarya, sai dai amsar ta bar wani abu a rataye, kamar dai Balarabe da mutumin kirki ba sa haɗuwa a jiki ɗaya.

Colin Powell, tsohon sakataren harkokin waje kuma ɗan jam'iyyar McCain, shi ya fito a tashar NBC ranar 19 ga Oktoba ya taɓo inda ke ciwo. Ya ce Obama Kirista ne, amma ko da Musulmi ne, mene ne laifin? Ya kawo misali da wani hoto da ya gani na wata uwa ta jingina kanta a kabarin ɗanta, matashin soja Musulmi da aka kashe a Iraki, da alamar wata da tauraro a jikin dutsen. Wato shi ma da hoto ya mayar da martani.

Obama ya ci zaɓe ranar 4 ga Nuwamba da ƙuri'un wakilai 365, McCain 173. Amma binciken cibiyar Pew na 2010 ya nuna kashi 18 cikin ɗari na Amurkawa suna ɗaukar shi Musulmi ne, adadin da ya ɗara na farkon mulkinsa. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ga shi hoto ya ƙara masa zurfi.

To, mene ne namu a nan? Na farko, son kai na kafar labarai ba lallai ya zo ta hanyar ƙarya tsagwaronta ba. Yakan zo ta wajen zaɓen hoto, da kanun labari, da yawan maimaitawa, da kuma abin da aka yi shiru a kansa. Na biyu, duk hoton ɗan takara da ya zo hannunka, tambayi kanka: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, me aka yanke a gefe, kuma wa zai ci riba in na fusata? Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Wannan umurni bai keɓe ɗan takarar da muke ƙi ba. In ya yi mana zafi da aka mayar da rawani da lulluɓi alamar ta'addanci, haramun ne gare mu mu yi wa wani irin haka da tufafinsa ko ƙabilarsa ko wurin ibadarsa. Yanzu da waya ke hannun kowa, wanda ya tura hoto ga mutum ɗari ya zama edita, kuma za a tambaye shi abin da ya tura.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga ƙazafi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.