Hutun Ista: Ɗalibin Gugaram, Me Ka Kawo Gida?



Wajajen ƙarshen Maris, lokacin da zafi ke kankama a ƙasar Ayar, ɗalibanmu na Jami'ar Agadas da ta Abdou Moumouni a Yamai kan samu ɗan hutu. 'Yan kwanaki ne, amma suna da daraja.

Tun da aka rufe mahaƙar uraniyom ta Cominak a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, aiki ya yi wuya a Arlit. Shi ya sa zinariyar Cibarakaten ke jan matasa. Ɗalibi, kada ka sayar da karatunka saboda ramin da ba ka san ƙarshensa ba.

A hutun nan, ka zo gida Gugaram. Ƙannenka masu shirin jarrabawar BEPC suna fama da lissafi da Faransanci. Shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ka ɗauki alli. Da asuba ka bi mahaifinka rijiya, ku shayar da raƙuma da awaki. Ka karanta wa tsohuwa takardar asibitinta, ka taimaki maƙwabci wajen neman takardar haihuwar ɗansa a ofishin magajin gari.

Iyaye, ku ma ku ba yaranku lokacin bitar darasi, domin jarrabawa na tafe.

Allah ya ba yaranmu sa'a.