Ƙananan Jiragen Ƙasa Na Da, Da Dogon Da Zai Bi Ta Daura

(Jawabin da aka karanta a taron ƙungiyarmu ta ƴan Kurni. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Muna gaida mai gari da limamai da dattawa, da iyayenmu mata, da samari, da ƴan uwanmu da suka taso daga Matamai da Kance da Damagaram saboda wannan zama. Allah ya saka da alheri.

Jama'a, an ɗora mana mu yi bayani a kan jirgin ƙasa, domin yanzu ba a zama tasha ko bakin kasuwa ba a taɓo zancen dogon da Nijeriya ke shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ba. Wasu sun ce arziki ya zo. Wasu sun ce tatsuniya ce. Mu kuwa muka ga gara mu waiwaya mu dubi jiragen da aka yi a da, waɗanda suka mutu, mu ga abin da ya kashe su, kana mu san irin roƙon da za mu yi.

Jirgin ƙasa iri biyu ne. Akwai babba mai dogon zango, wanda ba ya tsayawa sai manyan tashoshi. Akwai kuma ƙarami, mai tarago ɗaya ko biyu, wanda ke bin titin gari ko ya haɗa gari da ƙauyuka, yana tsayawa kusan ko'ina kamar motar kasuwa. Na cikin gari shi Turawa ke kira taram. Da fari dawaki ke jansa. A 1881 aka fara tuƙa shi da lantarki a gefen birnin Balin na Jamus, a 1896 ya shiga Alƙahira. A Amurka abin ya bunƙasa ƙwarai. Wajen 1916 dogon ƙananan jiragen lantarki masu haɗa garuruwa ya haura kilomita 24,000. Manomi ya tsaya bakin gonarsa ya ɗaga hannu, a ɗauke shi da madararsa zuwa birni. Da mota ta yi arha aka kuma zuba kwalta, kafin shekara talatin yawancinsu sun mutu. Landan ma ta daina taram a 1952.

To, kada ku ce wannan labarin Turai ne kawai. Jirgin ƙasa na farko da ya taɓa tafiya a arewacin Nijeriya irin ƙaramin nan ne. Sa'ad da Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama mazauninsa, jiragen ruwa ba su iya kai kaya har can ta kogin Kaduna. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn dogo a 1901 tsakanin Zungeru da Wushishi, a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko. Tsawonsa duka wajen kilomita 35. Faɗinsa, watau tsakanin ƙarfe da ƙarfe, santimita 76, bai kai faɗin amalanken shanu ba. Aikinsa ɗauko kayan bariki da sojoji daga bakin ruwa. Bai yi fiye da shekara goma ba. Da babban dogo ya iso Zungeru, sai aka tumɓuke shi.

Ba a zubar da ƙarafan ba. An kwashe su aka kai Zariya, aka soma wani sabon ƙaramin dogo zuwa ƙasar kuza. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawon wajen kilomita 230. Sunansa a takarda dogon Bauci, amma har ya mutu bai ga ganuwar Bauci ba. Yana hawa duwatsu a hankali, yana kai ma'aikata da hatsi, yana saukowa da kuza. Kun ga ƙauyukan da ke bakin hanyarsa sun samu kasuwa ba don an yi shi dominsu ba. A 1927 wani dogo mai faɗi ya iso Jos daga Fatakwal ta Kafancan, kuza ta koma can. Ƙaramin ya yi ta jan jiki shekara talatin, a 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarfen. Masu ƙauyukan ba wanda ya tambaye su ran shimfiɗawa, ba wanda ya tambaye su ran kwashewa.

Ikko ma ta yi nata taram mai hayaƙi tun 1902. Yana ɗaukar fasinja daga tashar Iddo, ya haye gadar Kata, ya shiga tsibiri. Ƙarshen 1913 aka daina ɗaukar mutane. Wani reshensa ya ci gaba har 1933, amma, ku gafarce mu, kashin gari yake kwashewa da dare.

Yanzu bari mu zo ga wanda ya taɓa tukunyar kakanninmu. Dogon Baro zuwa Kano an soma shi a 1907, ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Talakawa aka ɗibo ta hannun sarakuna suka yi haƙa da ɗaukar ƙasa. Turawan Ingila auduga suke nema don masaƙunsu. Manomi ya auna, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma ba ta sayu ba a ci ta a gida. Sai gyaɗa ta cika tashar Kano, har aka riƙa jera buhuna ana yin dala, abin da ya ɗaukaka sunan Alhasan Ɗantata. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru. Ku duba da kyau, duk rassan nan biyu sun miƙo hannu ne wajen iyakarmu, amma ba wanda ya tsallako.

Dattawan da ke zaune nan sun fi mu sanin sauran. Gyaɗar ƙasar Kance da ta Magarya, a bayan jakai da raƙuma, daga baya a manyan motoci, ta bi ta Daura ta shiga Kano, jirgi ya kai ta bakin teku. Gishiri da kananzir da atamfa da goro su biyo hanyar su dawo. Ashe mun daɗe muna cin jirgin ƙasa ba mu taɓa jin kukansa a garinmu ba. Faransawa ba su ji daɗin wannan ba. A 1953 suka ƙago wani tsari da suka sa wa suna Irondel, watau tsattsewa, suna tallafa wa kuɗin mota don kayan Nijar su bi ta Faraku, inda dogon Kwatano ya tsaya tun 1936. Amma nisa ba ya jin doka, gyaɗar gabas da yawa ta ci gaba da bin Kano.

Alkawarin jirgi kuwa, ƙasarmu ta sha shi har ta ƙoshi. Akwai dogon da aka sa wa suna Abijan–Nijar, ya kai Wagadugu a 1954, amma bai iso ƙasarmu ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da Dahome, dogon bai wuce Faraku ba. A 2014 kamfanin Bolloré ya soma shimfiɗa dogo daga Yamai, a 2016 ya kai Doso, wajen kilomita 140. An yi biki, an ga jirgi a talabijin, amma da yake ba a haɗa shi da na Binin ba, bai yi jigilar kasuwa ba. Don haka wanda ya ce sai ya gani da idonsa, ba mu ga laifinsa ba.

Wani abin mamaki, taram da aka yi wa jana'iza ya tashi. Motoci sun cushe birane, hayaƙi ya dami mutane. Faris, wadda ta kwashe nata kafin yaƙin duniya na biyu, ta mai da shi a 1992. Aljas ta buɗe sabo a 2011, Oran da Kusantina a 2013. Ƴan uwanmu na wannan yanki da wahala ta kai Aljeriya sun gan shi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rage a hamada. Alhazanmu kuma sun hau jirgin da ke kai mutane Mina da Arfa da Muzdalifa tun 2010. Ikko ta buɗe jirgin lantarki na cikin gari a 2023, shekara casa'in bayan mutuwar tsohon.

To, ga namu. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawonsa kilomita 284. Hanyar da aka zana ta bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, kana ta shigo Nijar. Faɗinsa santimita 143 da rabi, kusan ninki biyu na ɗan dogon Zungeru. Babban jirgi ne, an yi shi don kayan da ke fitowa daga bakin teku. Ba zai shigo Kurni ba, ba zai shigo Matamai ba. Tasharmu Daura ce.

Ra'ayinmu shi ne, in jirgin da za a sa mai gudu ne kawai, ya tashi Kano ya sha ruwa Katsina ya kwana Maraɗi, to, mu ƙura za mu gani. Abin da zai amfani mai buhu biyar na wake, ko mai damin rake daga fadamun Korama, ko mai ragunan kai wa kudu, shi ne ƙaramin jirgi mai tsayawa kowace tasha, mai arha, mai tarago na kaya ƙanana. Irin wanda manoman Amurka suka mora ke nan. Wannan kuwa ba a ba da shi sai an nema, kuma tun kafin a tsara lokutan tafiya ake nema. Mu ba ƴan ƙasar ba ne, gaskiya ne. Amma mu da mutanen Daura da Mai'aduwa auratayya muke, kasuwa ɗaya muke ci, buƙatarmu da tasu ɗaya ce. Bakinsu zai kai inda namu ba ya kaiwa.

Sa'an nan akwai iyaka. Kun tuna yadda aka rufe ta a 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Kun ga yadda farashin kaya ya yi a watannin nan. Jirgi a Daura da iyaka a kulle, daidai yake da rijiya a gidan da ba a shiga. Wannan ya fi ƙarfin ƙungiya, amma ya kamata hukumominmu su riƙa jin sa daga bakinmu.

Wanda ke hannunmu shi ne hanya. In damina ta sauka, kowa ya san wuraren da amalanke ke kafewa kafin ya kai kwalta. Kayan da ba su fita daga ƙauye ba, ba su isa tasha. Muna roƙon taro ya yarda a zaɓi mutum biyar, a cikinsu a sa mace ɗaya daga masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da direba ɗaya. Su zaga su rubuto wuraren da suka lalace, su kai wa magajin gari takarda da sunan ƙungiya. Su kuma nemi ganin shugabannin ƴan kasuwar Daura bayan an gama girbi. Kuɗin motarsu a fitar daga asusu, ma'aji ya rubuta. A zama mai zuwa su karanta mana abin da suka samo.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, dattawa tukuna.