Tsabtar Gida da Abin da ke Cikin Gida

 

Yau hirarmu bisa tsabtar gida take. Amma ba zan aike ku kanti ba. Kayan aikin suna cikin gidanku tun da daɗewa: toka, kanwa, lemun tsami, rairayi, sabuni da rana. Wanda za mu riƙa tunawa da shi cikin hirar duka, shi ne yaro mai rarrafe. Ku dube shi da kyau. Hannunsa ƙasa yake, daga ƙasa sai baki. Ludayi, takalmi, kashin kaji, marfin kwalba, duk bakinsa suke zuwa. Shi ne dattin gida ke fara kamawa. Shi ne kuma abin wanke gida ke fara cuta, in anka yi sakaci da shi.

Mu fara da toka. Kowace uwar gida ta san toka tana fidda maiƙo daga tukunya. Amma mi ya sa? Cikin tokar itace da ta karan hatsi akwai wani gishiri mai kaifi, dangin kanwa. Shi ne mata ke tacewa su sa ma miya. In ya gamu da maiƙo da ɗan ruwa, sai ya narkar da maiƙon, su haɗu su zama kamar sabuni. Baƙin sabuni na gargajiya ma haka ake dafa shi, ruwan toka da mai. Kun ga kakanninmu ba da ka suke aiki ba.

Ga yadda za ku yi. Ku bar toka ta kwana, ta huce sarai. Ku tankaɗe ta da rariya, ku fidda gawayi da ƙusa. Ku zuba ta cikin tsohon kwano mai marfi. In za a yi wanke-wanke, a jiƙa soso, a dangwali toka, a cuɗa. Bayan tukunya, inda baƙi ya kama, a ƙara rairayi mai laushi. Sannan a ɗauraye da ruwa sosai. Tukunyar dalma da maƙera ke zubawa, kada a bar toka ko kanwa ta kwana cikinta. Tana cin ƙarfen, ta baƙanta shi.

Ba kowace toka ba ce ta wanki. Wutar da anka ƙona leda, ko roba, ko tsohon pil na rediyo, tokarta guba gare ta. Tokar juji ma haka. Kada su taɓa kwanon abinci.

Kuma ku yi hankali, toka ba ta san yaro ba. Samanta fari, kamar ta mutu, amma wuta na ƙarƙashi. Yaro mai koyon tafiya ya taka, sai ƙuna, tafin ƙafa ya saɓule. Kada a kwashe toka daga murhu a zube ta tsakar gida. Ruwan toka mai kauri kuwa yana cin fata, in ya faɗa ido yana iya ɓata shi. Don abu ya fito daga murhunku, ba shi ne ya zama abin wasan yara ba.

Kanwar da ke zo mana daga ƙasar Manga da Dallol Boso, aikinta kusan ɗaya da na toka. A jefa guntu kamar girman goro cikin kwanon ruwa mai ɗumi, a jiƙa kayan da maiƙo ya daskare musu. Lemun tsami da gishiri suna fidda tsatsa daga wuƙa, suna kashe ƙarnin kifi. Tsamiya tana sa tagulla walƙiya. Iyakar aikinsu ke nan, kada ku dogara da su wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Ga hannu kuwa, sabuni ya fi toka. Wannan ku riƙe shi. In babu sabuni ko kaɗan, a cuɗa hannu da toka mai tsabta, ta fi ruwa tsura. Amma duk gidan da ke iya sayen goro da shayi yana iya sayen sabuni. Mai gida, da kai nake. Kada a yar da guntayen da sunka rage. A tara su, a ƙulle cikin ƙyallen tsohon gidan sauro, a rataye kusa da buta, inda akuya ba ta kaiwa. Jiƙa hannu, murza ƙullin, kumfa ya fito. A cuɗa ciki da baya, tsakanin yatsu, da ƙarƙashin akaifa. A ƙirga daga 1 zuwa 20 sannu a hankali. Sannan wani ya zuba maka ruwa da buta, ruwan ya faɗi ƙasa.

Akwai al'adar da ba ni so, ko da ta daɗe. Ranar suna ko biki, sai a kawo kwano guda, mutum goma su tsoma hannu ciki. Na farko ya wanke. Na ƙarshe fa? Dattin mutum tara ya shafa, ya kai cikin tuwo. Buta ɗaya ta isa ta gyara wannan, kuma ba raini ba ne ga baƙo.

Yaushe ake wanke hannu? Bayan an fito daga salga. Bayan an wanke ma yaro kashi. Kafin a yi girki ko a dama fura. Kafin a ci, kafin a ba yaro.

Sai rana. Allah ya hore mana ita da yawa, ba ta dala ba ta tamma. Kwano in ya bushe ƙarau cikin rana, ƙwayoyin cuta ba su samun wurin zama. Amma mi muke gani? A wanke ƙwarya tas, a kife ta ƙasa. Kaza ta hau, akuya ta lasa, ƙura ta rufe. Aikin ya koma banza. Mai gida, nemi ice huɗu masu gwafa, ka kafa su, ka jera kara bisa. Tsawonsa ya kai ƙugun babba. Nan za a riƙa shanya kwanoni da ƙore da ludayi. Aikin hantsi guda ne. Tsumman da ake goge kwano da shi ya yi baƙi yana wari, gara a bar shi, rana ta fi shi. Tabarma da shimfiɗar yaro ma a fidda su rana, tun ba in ya yi fitsari ba.

Randa tana son wanki aƙalla sau ɗaya a mako. A juye sauran ruwan, a cuɗa ciki da soso nata na kanta, a ɗauraye, sannan a zuba sabo. Santsin nan da kuke ji jikinta datti ne. Ƴaƴan sauro kuma cikin ruwan da ya daɗe buɗe suke girma, mako guda zuwa kwana 10 sun tashi. A rufe randa da faifai. Moda ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada a sha da ita a maida. Bido mai ƙaramin baki, hannu ba ya shiga. A zuba tsakuwa mai tsabta da ruwan sabuni, a girgiza da ƙarfi, a ɗauraye har kumfa ya ƙare.

Kafin shara, a yayyafa ruwa, ruwan ɗauraya ma ya isa. A fidda jinjiri daga ɗaki, kada ya shaƙi ƙura, tun ba lokacin hunturu ba. Kashin kaji da na awaki a kwashe shi kullum, a kai ramin taki bayan gida. Gona tana son shi.

Wasu suna cewa kashin jinjiri ba kashi ba ne, don nono yake sha. Ba haka ba ne. Yana ɗauke da cutar zawo kamar na babba. A kai shi salga nan da nan, a wanke fo da sabuni. A riƙa barbaɗa toka cikin ramin salga, tana rage wari da ƙuda. A rufe bakin ramin. Ƙudan da ya tashi daga kashi, shi ne ke sauka bisa fura. Shi ne kuma ke bin idon yara yana yaɗa amodari, ciwon da ya makantar da mutane da yawa a ƙasar Damagaram da Maraɗi. Wanke fuskar yaro kowace safiya yana korar shi.

Yanzu ku saurara da kyau, ga inda haɗari ya fi yawa. Akwai abubuwan da muke kawowa daga kasuwa: jabel, kananzir, maganin ƙwari irin piya-piya, maganin ɓera, da sodar da mata ke yin sabuni da ita. Sau da yawa ba cikin kwalbarsu ake saida su ba. Cikin robar ruwa ko ta lemu ake ɗura su. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa. Ya ga robar da ya saba sha ciki. Ruwan soda fari ne kamar ruwan randa, ba shi da wari. Kurɓi ɗaya yana ƙona baki da maƙoshi. Ko yaron ya rayu, maƙoshin yana iya tsukewa har abinci ya kasa wucewa. Masu sana'ar sabuni, ina roƙon ku, ranar da kunka jiƙa soda, a kai yara maƙwabta. Abin da ya rage a rufe shi cikin akwati mai kwaɗo. Ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ce, nan mai rarrafe ya fi shiga.

Ban ce a kori jabel daga gida ba. Yana da ranarsa. Kwalara ta shiga ƙasar Madarunfa a 2018, ta sake dawowa jihohi da dama a 2021. In irin wannan annoba ta zo, toka da lemun tsami ba su isa ba. Wurin da mai ciwo ya yi amai ko zawo, jabel yake so. Ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka ku tambayi ma'aikacin lafiya awon da za ku tsarma shi da ruwa. Kada ku gauraya shi da lemun tsami, ko binegar, ko wani maganin wanki, wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana tada iska mai guba, mai shaƙe numfashi. Ƙwayar tsabtace ruwan sha, irin Aquatabs, ku karanta takardarta ku ga litir nawa take ɗauka. Ku jira minti 30 kafin a sha.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, ga abin yi. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Soda in ta dawo, ta ƙona hanya sau biyu. Kananzir in ya dawo, yana faɗawa huhu. Kada a ɗura masa mai, ko nono, ko ruwan tsami. A wanke masa baki da ruwa, a cire rigar da ta jiƙe, a kai shi gidan likita nan take, ko da yana wasa kamar ba kome. A tafi da kwalbar, likita ya ga abin da ya sha. In ido abin ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye, sannan a kama hanya.

Ga aikinku na wanga mako. Ku ɗauki alƙalami da takarda, ku rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe: GUBA. Baƙi huɗu ne, G, U, B, A. Ku zaga gidanku, ɗaki ɗaki. Duk kwalbar da ba ta sha ba ce, ku liƙa mata takardar, don kishiya ko baƙuwa ko babban yaro kada su ruɗe. Mai rarrafe bai iya karatu ba, saboda shi sai ku ɗaga kwalbar sama ko ku kulle ta. Ku ƙirga kwalba nawa kunka samu, ku rubuta lambar cikin littafinku, ku nuna ma malaminku ranar karatu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.